Inda Za a Ya da Zango: Daga Kudenda Zuwa Tsofaffin Birane

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Ina gaida mutanen Kudenda da Nasarawa da Kakuri da Makera, da duk wanda muryata ta iske a wannan ƙetare na kogin Kaduna ko wancan.

Makon jiya wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar gida bayan magariba. Ya ce, "Malam, hutun yara ya zo. Ina so in ɗebe su da uwarsu su je su ga Zariya da Kano, in hali ya yi mu leƙa Daura da Katsina. Man nawa kake gani zai kai mu ya dawo da mu?" Na ce masa, "Alhaji, lissafin mai ba shi da wuya. Ina za ku kwana a daren farko? Motar kuma ina za ta kwana?" Ya yi ɗan jim, sannan ya ce, "Ai wannan in mun je ma gani." Wannan magana tasa ita ta sa na zaɓi batunmu na yau.

Niyyarsa ta yi mini daɗi ƙwarai. Kaduna sabon gari ne in aka gwada shi da waɗancan birane. A 1917 Turawa suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita nan. Yaron da aka haifa a Kudenda ya san masana'antu, ya san gada, ya san tankoki da tireloli, amma yana iya gama sakandare bai taɓa tsayawa a gindin ganuwa ba, bai taɓa leƙa rijiyar da ake karanta masa labarinta a aji ba. Kai shi ya gani da idonsa babbar kyauta ce. Sai dai irin wannan tafiya, in aka zagaya Zariya da Kano da Daura da Katsina aka dawo gida, ta haura kilomita 800, kuma kwana huɗu ne ko biyar a garuruwan da kai baƙo ne a cikinsu.

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan. Fataken da suka yi safarar goro zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, watanni suke shafewa a hanya da jakuna da takarkarai. Da zango suke auna tafiya. In ka tambayi bafatake nisan wani gari, sai ya ce maka zango kaza ne. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da masauka. Da asuba ake ɗaura kaya, kuma tun rana na sama an sauke. Abin da madugu ke fara dubawa a zango shi ne ruwan da dabbobi za su sha, da ciyawa, da inda za a kafa musu turke ba tare da ɓarawo ko kura sun kusance su ba. In an shiga gari kuwa akwai fatoma, mai masauki, wanda ke karɓar baƙo da kayansa da dabbobinsa gaba ɗaya. Sunayen garuruwa sun riƙe mana wannan tarihi: Zangon Aya nan cikin Igabi, Zangon Kataf, Zangon Daura, har da unguwannin Zango na Kumasi da Accra. Bebeji, da za ku wuce kusa da ita a hanyar Kano, can aka haifi Alhassan Ɗantata a gidan fatake, kuma da wannan hanya ta goro ya fara.

Mota ita ce jakin matafiyin yau. Madugu ba ya kwanciya bai san inda jakinsa ya kwana ba, kai ma haka ya kamata ka zama da motarka.

Saboda haka in za ka tsara tafiya, fara daga wurin kwana ka lissafo baya. A ƙasarmu rana tana faɗuwa ne tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, lokacin hunturu kuwa tun wajen 6 duhu ya fara, ga hazo a kai. Ni shawarata, ka ɗauki la'asar a matsayin iyaka. La'asar ta same ka a garin da za ka kwana. Hakan ya bar maka awa biyu a hannu, in taya ta yi faci ko an samu cunkoso a shingen bincike. Akwai kuma wani amfani da ba a cika ambata ba. Wanda ya isa da rana yana iya duba masauki ya ce bai yi masa ba, ya juya ya nemi wani. Wanda ya isa ƙarfe 10 na dare da yara suna kuka a bayan mota, duk abin da aka nuna masa karɓa zai yi.

Ni ganau ne a kan wannan. Shekarun baya na ɗauki iyalina zuwa Kano, muka ɓata lokaci wurin gaishe-gaishe a Zariya, ba mu shiga gari ba sai bayan isha'i. Ashe mako ne na bukukuwa, otal uku muka je duk a cike. Na huɗun yana da ɗaki amma ba shi da fili, sai mai karɓar baƙi ya ce in bar motar a bakin titi, ba abin da zai same ta. Na kwana ina leƙen taga. Da gari ya waye madubin gefe guda babu, kuma ranar da na ware don kai yara dutsen Dala ta ƙare a wurin masu kayan gyara. Madubi ƙaramin abu ne, amma yaran ba su hau Dala ba a wannan zuwan, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

(Ɗan kiɗa)

To mu ɗauki hanya. Kwana biyu kafin tashi ka kai motar wurin bakanike, kada ka bari sai daren tafiya. A duba birki da baƙin mai da ruwan lagireto da batir da fitilu. Ka fito da safaya ka taɓa ta da hannunka, don sau da yawa tana nan a but ba iska a cikinta. Jak da sifana, da alamar nan mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara, da lasin da takardun mota da ba su ƙare ba, duk jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna tambayarsu, kuma kai ne mai amfana da su. Ka rubuta lambar gaggawa ta hukumar, 122, da kuma 112, a takarda ka sa a aljihun mota.

Daga Kudenda titin Nnamdi Azikiwe za ka hau, ka ƙetare gada, ka bi ta Unguwar Mu'azu da Bakin Ruwa da Kurmin Mashi zuwa Mando, ka faɗa Kawo. Mu da ke wannan gefe dole mu ƙara wannan a lissafi, domin kafin mutumin Kudenda ya kai inda mutumin Kawo ke fara tafiyarsa ya ci kusan kilomita 20 a tsakanin manyan motoci. Daga nan Rigachikun, Mararrabar Jos, Birnin Yero, Jaji. A Mararraba ka rage gudu ko da rana tsaka, saboda tireloli suna jeruwa a gefen titi, mutane suna ɓullowa daga tsakaninsu ba zato. An sabunta hanyar Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, kuma kwalta mai santsi tana ruɗin ƙafa. Doka ta tsayar wa ƙaramar mota kilomita 100 a awa a babbar hanya irin wannan.

Zariya kimanin kilomita 80 ce daga Kaduna. Mutane da yawa za su ce ai wannan ba wurin kwana ba ne, a leƙa a wuce. Ni ban yarda ba. Wanda ya ce zai ga Zariya da safe ya kwana Kano, ko dai bai ga Zariya ba, ko kuma ya shiga Kano da dare. Ga ƙofofin birni, Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da sauransu. Ga fadar Zazzau da zanen da ke jikin ƙofarta. Ga Wusasa a gindin dutsen Kufena, inda cocin Saint Bartholomew yake tun 1929, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, a garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ga Kwalejin Barewa, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da aka buɗe a 1962. Babban masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Ka tambayi mutanen birni halin da ake ciki kafin ka nufi wurin da yara.

Masaukan baƙi a Zariya galibi suna wajen ganuwa, a Tudun Wada da Kongo da Sabon Gari da Samaru. Haka abin yake a dukkan tsofaffin biranenmu, kuma akwai dalili. Cikin birni an gina shi ne don ƙafa da doki da jaki. Lungu yana karkacewa, ga kwata a tsakiya, ga dakali ya fito. In ka kutsa da mota kana neman gidan wani, za ka iya kai inda ba gaba ba baya, ka tare wa mutanen unguwa hanya. Ka bi manyan tituna zuwa filin ƙofar fada, ka sauka ka yi wa dogarai sallama, ka tambaye su inda ya dace ka ajiye. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu bari in tsaya a kan kiran waya, don nan ne ake yin kuskure. Mutum zai kira otal ya tambayi kuɗin ɗaki, ya tambaya ko akwai wuta da ruwa, ya kashe waya. Ka ƙara tambaya. Ka ce, "Malam, don Allah wurin ajiye motoci cikin katanga yake ko waje?" In ya ce akwai wuri, kada ka tsaya nan, domin a wurin wasu bakin titi ma wuri ne. Ka ce, "Mota nawa filin ke ɗauka? Ƙarfe nawa ake rufe get? Maigadi a nan yake kwana? In na zo fita da asuba akwai mai buɗe mini?" Sannan ka tambaya ko suna da ɗakin taro, ko akwai biki a ranar. Otal mai ɗakin biki, ranar Juma'a da Asabar filinsa na masu biki ne, kai da ka biya ɗaki sai ka ga an nuna maka waje. Ka nemi su turo maka hoton harabar ta WhatsApp. Wanda yake da fili ba zai ƙi ba. In kana da ɗan'uwa a garin, ka roƙe shi ya je ya gani, kuma kada ka tura wa kowa kuɗin kwana uku ba a tabbatar maka wurin yana nan ba.

In ka isa, ka juya motar ka shiga da baya, hancinta na kallon get. Ka gaya wa maigadi lokacin da za ka tashi. Wannan ƙaramar magana tana da amfani, domin a ƙaramin fili jera motoci ake yi wata bayan wata, kuma wanda ya riga zuwa shi ake toshewa. Ka yi sammakonka, kaya a but, yara a mota, sai a ce mai motar da ta tare ka yana barci a ɗaki mai lamba kaza. Ka ce masa, "Baba, ni da asuba zan fita, a taimaka kada a sa wata a gabana." Ka ba shi lambar wayarka, ka karɓi tasa, kuma ka yi masa ihsani tun da dare. Mutumin nan zai kwana a zaune cikin sauro ko sanyi saboda dukiyarka.

Da damina kada ka ajiye a ƙarƙashin tsohuwar bishiya ko jikin katangar da ta jiƙe, kuma ka duba inda ruwa ke kwanciya. Kada ka bar jaka ko waya ko kwamfuta a kan kujera, ko da ba komai a cikin jakar, don mai fasa gilashi bai san babu ba. Abu na ƙarshe a nan, kuma ina roƙonku da babbar murya: kada kowa ya kwana a cikin mota da inji a kunne da gilasai a rufe don ya sha sanyin na'ura, haka nan kada a ajiye mota ko a shimfiɗa tabarma kusa da janareto. Hayaƙin nan yana ɗauke da guba marar wari, mutum yana barci take ɗauke shi.

Wanda zai sauka gidan 'yan'uwa, madalla, zumunci ya ƙaru kuma aljihu ya huta. Amma ka sanar tun da wuri, ka faɗi ku nawa ne da kwana nawa za ku yi, ka tafi da tsaraba. Ka kuma tambaya kai tsaye, "Yaya, mota tana shiga lungunku?" In ba ta shiga, mutanen unguwa suna da inda suke kai nasu, wani gidan mai ne, wani harabar makaranta, wani fili mai maigadi da ake biya kowane dare. Mai gidan ya raka ka da kansa ya gabatar da kai. Motar da aka san ta baƙon wane ce ta fi samun ido a kanta.

(Ɗan kiɗa)

Daga Zariya zuwa Kano kusan kilomita 150 ne, ta Tashar Yari da Kwanar Ɗangora da Ciromawa da Kura, ka shiga ta Na'ibawa. Ka bar Zariya da hantsi, azahar ta same ka a Kano.

Kano kwana biyu za ka ba ta, kuma shawarata ita ce motarka ta huta a masauki duk kwana biyun. Na san wannan yana yi wa mai mota nauyi. Ya sha mai ya zo da abarsa, a ce kuma ya hau a-daidaita-sahu? Amma duba wuraren da ka zo gani. Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, yana daura da Gidan Rumfa, fadar da ta samo suna daga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Daga nan zuwa babban masallaci, zuwa Kasuwar Kurmi, zuwa marinar Ƙofar Mata, duk cikin wuri guda ne mai cunkoso. Kurmi rumfuna ne da lunguna, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa. A gindin Dala gidaje sun kewaye dutsen. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, an faɗaɗa ƙofofinta don motoci, amma cikin unguwanni yana nan yadda kakanni suka bar shi. In ka shiga da motarka, rabin hankalinka yana kan inda ka bar ta. Yaro yana tambayarka me ake zubawa a karofi shuni ya kama, kai kana waige.

Sannan baƙo bai san inda aka hana tsayawa ba. Kamar yadda muke da KASTLEA a Kaduna, Kano suna da KAROTA, kuma suna kama motar da aka yi fakin ba daidai ba, musamman a kewayen Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari. Ka ga motoci jere a wuri ba hujja ba ce, mai yiwuwa su ma jiran kamu suke. Abin da ya fi, ka yi shatar a-daidaita-sahu na yini, ku yi ciniki tun da safe, ka karɓi lambarsa. Ya san lungu, ya san ta inda ake kauce wa cunkoso. Otal-otal kuwa sun fi yawa a Nasarawa da Bompai da kan titin Zariya, inda filaye ke da faɗi.

Ka duba kalanda kafin ka sa rana. Juma'a daga hantsi tituna kewaye da manyan masallatai suna cika da sahu, motar da ka ajiye a can ba za ta fita ba sai an watse. Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano ana tsaftar muhalli, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, don haka ko ka fita kafin lokacin ko ka jira. Lokacin Sallah kuwa wata duniya ce. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa suna jawo baƙi daga ko'ina, har hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024. In hawa kake son gani, a Kano ko Zariya ko Katsina, ka tabbatar za a yi a wannan shekarar, ka kama ɗaki makonni kafin lokaci, kuma kada motarka ta kwana a titin da dawaki za su bi.

Da bazara, watan Afrilu musamman, zafin Kano da Katsina yana kai maki 40. Kada a bar yaro a cikin mota a rufe ko na minti biyar, ko da barci yake, ko da ruwa kawai za a saya.

Daga Kano ka yi sammako zuwa Daura ta Dambatta da Kazaure, tafiyar kilomita 130 da ɗoriya. Rijiyar Kusugu, wadda labarin Bayajida da macijiya ya rataya a kanta, tana cikin gari ba nisa da fada, kuma akwai masu kula da ita da ke yi wa baƙi bayani. Daura ba ta kai Kano cunkoso ba, ajiye mota ba ya wahala sai ranar hawa ko Sallar Gani. Amma masaukanta ba su kai na Katsina yawa ba. In ba ka riga ka tabbatar da ɗaki ko gidan ɗan'uwa ba, ka yi azahar a Daura ka kama hanyar Katsina ta Mashi, kimanin kilomita 80, ka isa da sauran rana.

A Katsina ma ƙa'idar ba ta sake ba, masauki a waje, ziyara a ciki. Hasumiyar Gobarau, da masana ke dangantawa da ƙarni na 15, tana tsakiyar unguwa, hanyoyin da ke kaiwa gare ta matsattsu ne. Ka bar mota wajen Ƙofar Soro, inda fili yake, ka ƙarasa da abin hawan haya ko da ƙafa. Ka kai yara tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ita ce ta dawo nan Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewar da kuka gani a ranar farko. Yaro in ya haɗa waɗannan biyun da idonsa ba zai manta ba.

Saura dawowa, kuma a nan ne ake gajiya da lissafi. Kuɗi sun yi ƙasa, jiki ya mutu, gida yana kira. Sai mutum ya ce bari ya leƙa kasuwa da safe, ya yi sallama da wane, ya tashi bayan azahar. Daga Katsina zuwa Kudenda ta Kano ya haura kilomita 400, kuma dole ka ratsa Dawanau da cunkoson manyan motocin hatsi kafin ka fita hanyar Zariya. Wanda ya bar Katsina ƙarfe 2 na rana, dare zai yi masa kafin Jaji. Ko dai ka gama duk ziyara da sayayya tun jiya ka tashi da gari ya waye, ko ka raba tafiyar biyu ka sake kwana a Zariya. Hukumar kiyaye haɗurra tana cewa duk awa huɗu na tuƙi a huta aƙalla minti 15. In da yara ne, ni ina ganin kowace awa biyu ma ba ta yi yawa ba, kuma a tsaya a gidan mai ko ƙofar masallaci a cikin gari, a sauka daga kwalta gaba ɗaya.

Wani zai ce ta Malumfashi da Funtuwa ta fi kusa. Haka ne a taswira. Amma duk mun san halin da yankunan kudu da yammacin jihar Katsina suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, kuma labarin hanya yana sauyawa daga mako zuwa mako. Taswirar waya gajeriyar hanya kawai ta sani. Waɗanda suka san halin hanya su ne direbobin haya da ke bin ta kullum. Da yamma ka je tasha, ka gaida shugabannin direbobi, ka ce, "Ranka ya daɗe, gobe zan koma Kaduna da iyali, wace hanya kuke bi yanzu, kuma ƙarfe nawa motarku ta farko ke tashi?" Inda suke bi nan za ka bi, lokacin da suke tashi shi ne naka. In ta Kano ce, garuruwan da za ka wuce su ne Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa da Bichi.

Mutum ɗaya a gida ya san tsarinku duka: garin da za ku kwana kowane dare, sunan masaukin, da lokacin da ya kamata ku isa. Ku kira shi da kun sauka. Hotunan Kusugu da Gobarau kuwa a adana su a waya, a sa su a Facebook bayan an dawo, domin ba kowa ya kamata ya san babu kowa a gidanka na Kudenda ba, ko ya san inda kake kwana yau.

Maƙwabcin nan nawa mun zauna da shi da takarda da biro. Daren farko Zariya, gidan ƙanwar matarsa a Tudun Wada, mota a harabarsu. Dare biyu a Kano, ya kira otal sun turo masa hoton fili. Katsina dare biyu, don kada ya yi gaggawa. Daura ce kawai bai yanke ba tukuna, yana jiran amsar wani abokin aikinsa ɗan garin, ko ƙofar gidansu tana ɗaukar mota.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Masu niyyar tafiya a wannan hutu, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)